Rariyar Hurera

Kwana arba'in da uku bayan mun kai Hurera makwancinta,
rariyar gidanmu ta daina shan ruwa.
Ruwan wanke-wanke ya kwanta a tsakar gida,
fari-fari, da kumfa a gefe,
sauron Bagalam duk suka zo gaisuwa.

Nomau mai shayi ya ce, "Tafasasshen ruwa, Malam,
buta uku, maiƙo zai narke."
Na tafasa, na zuba, ta yi ƙugi ta haɗiye,
na yi hamdala na kwanta.
Ashe maiƙon kamu biyu kawai ya matsa,
ya tarar da sanyi a gaba, ya sake daskarewa
inda hannu ba ya kaiwa.

Ƴar Baka ta leƙo ta katanga: kanwa da ruwan tsami.
Sun yi tsuwwa kamar ana suyar ƙosai,
yara suka taru suna tafi.
Da kumfar ta faɗa, ruwan yana nan inda na bar shi.

A Babbar Kasuwa wani ya sayar mini da soda,
jika ɗaya da rabi,
ya rantse ko ƙashi ne za ta cinye.
Ta ci kuwa.
Ta ci bayan hannuna,
tururinta ya ci maƙogwarona,
bututun roba ya yi laushi ya lanƙwashe.
Toshiya ko gezau.

Ƙanena Tanimun ya zo da gora mai tsawo,
ya zura, ya danna, ya ƙara dannawa,
kamar mai danƙara tunkuza a buhu.
Abin da da sako-sako yake
ya bar mini shi dutse.

Sauran suka ce in jira damina, ruwan sama ba ya barin datti.
Daren Laraba ya sauko.
Da asuba na tarar da takalmana suna iyo a bakin ɗaki,
Gulbi ya cika can, ni ma na cika nan.

Ɗan Jimo bai zo da kwalba ba.
Waya ya kawo, da bokiti, da haƙuri.
Ya durƙusa ya kwance gwiwar bututun,
ya shiga jawowa:
ledar ruwa, ganyen shayi, tsakin gero,
guntun soso, ɓawon gyaɗa,
da wani curi mai toka-toka kamar sabulun gida.
"Rariya ba ciki ba ce, Malam, ba ta narkar da abinci.
Abin da ya shiga, jawo shi ake yi,
ba a tura shi."
Ya goge hannu a wando, ya ɗago kai.
"Yaushe rabonta da toshewa?"
Na ce shekara ashirin da shida muna nan, ba ta taɓa ba.
Ya ce, "To wa ke tace mata?"

Ban amsa ba.
Na tuna wani ƙyallen tsohon gidan sauro
da aka ɗinke a zoben waya,
yana rataye a ƙusa bayan randa,
da gwangwanin tumatir mai daskararren mai a ƙarƙashinsa.
Ranar bakwai, da nake kintsa gida saboda baƙi,
ni da hannuna na zuba su a shara.
Tsumma na ɗauke su.

Kowa ya yi kuskurensa a rariyar nan,
nawa ya fi tsufa.
Na ɗauka ruwa da kansa yake tafiya.

Yanzu bayan magariba nakan tsuguna inda take tsugunawa,
in kankare tukunya a gwangwani,
in tace ruwan da sabon ƙyalle.
Ɗinkina bai kai nata kyau ba.
Ruwan dai yana wucewa.